Irin Hulbar Inna Asibi

Akwai wani manomi da aka yi a wani ƙauye kusa da Fadan Kaje, sunansa Kambai. Abin ya faru ne a shekarun saba'in, lokacin da naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi suna ta lissafinsu da sule. Ku daure ku karanta har ƙarshe. Ni kaina duk ranar da na tuna labarin nan sai raina ya ɓaci.

Kambai ba malalaci ba ne, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Yana da fadama a bakin rafi, yana da 'yan awaki, yana da mata mai suna Lucia wadda ba ta da yawan magana. Aibinsa ɗaya ne. Idan aka yabe shi sau biyu a jere, tafiyarsa ma sai ta canza.

Da Lucia ta haifi 'yarsu ta fari, Hellen, nono ya ƙi zuwa. Jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe. An gwada saiwa, an gwada ganye, matan zumunta sun zo sun yi addu'a, amma yarinya kullum sai ƙara ramewa take yi.

Kambai ya shiga kasuwar Kafanchan yana yawo kamar wanda ya yar da wani abu. Wani mai sayar da kayan yaji, Mijinyawa, ya lura da shi, ya kira shi ya tambaye shi lafiya. Da ya ji abin da ake ciki bai tsaya dogon jaje ba. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfa, ya ja Kambai har gida wurin mahaifiyarsa, Inna Asibi.

Tsohuwar ta saurara, ta shiga ɗaki ta fito da hulba a ƙwarya. Ba ta yarda ta ba shi ya tafi ba. Ta ce namiji bai san dama kunu ba, ita da kanta za ta je. Haka ta hau bayan mota har ƙauyen, ta zauna a madafar Lucia, ta dama mata kunun hulba, ta tsare ta sai da ta shanye. Kafin mako ya zagayo nono ya sauko, Hellen ta sha ta yi barci.

Daga nan gidajen biyu suka ƙulle. Da Sallah Kambai ya kai kaji, da Kirsimeti Mijinyawa ya aiko da kayan miya.

Ita wannan hulbar tana da tarihi. Inna Asibi ta je Makka a ƙasa tana da ƙuruciya, ita da mijinta. A hanyar dawowa suka daɗe a ƙasar Sudan, a can mijin ya rasu, a can aka binne shi. Abin da ta iso gida da shi abu biyu ne: ɗanta Mijinyawa, da ɗan ƙullin irin hulba a bakin zane, wanda ta ɗebo daga lambun da mijin ya yi aikinsa na ƙarshe.

Tun daga lokacin, duk sanyin Allah sai ta shuka shi a bayan ɗakinta. Ta girbe, ta ware na sha, ta ɓoye na iri a wani ɗan gora. Hulbar da jirgin ƙasa yake kawowa daga nesa tsohuwa ce, ta sha hanya, ƙamshinta ya gudu. Tata kuwa, ana buɗe goran duk gidan zai sani.

To, jiki ya tsufa. Gwiwa ta ƙi, jan ruwa a rijiya ya gagara. Wata shekara ta sa aka kira mata Kambai, ta zaunar da shi, ta ce:

"Ɗana, kana da fadama, ni kuma ba ni da ƙafa. Zan ba ka irin nan ka riƙa shukawa, Mijinyawa yana saye. Amma zan gaya maka abu biyu."

Kambai ya ce, "Ina ji, Mama."

"Na farko, hulba ba ta son ƙoshi. Kashin awaki ko na shanu za ka sa mata, wanda damina ta wuce a kansa ya ruɓe ya zama ƙasa, ka haɗa da toka. Kaɗan ya isa. In ka cika mata ciki, ganye za ta yi ta manta da 'ya'ya."

Sannan ta ci gaba.

"Na biyu, kada ka ji haushina. Na san ana kiwon alade a wajenku, abincinku ne, ban da ta cewa. Amma masu shan hulbar nan matanmu ne masu jego. Kada kashin alade ya taɓa inda za ka shuka ta."

Kambai ya dafa ƙirji ya ce, "Mama, kai ne ka ceci yarinya na. Na yi alkawari a gaban Ubangiji, wannan abu ba zai shiga gona na ba."

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya. A ɗan gefen fadama Kambai yake shuka ta da farkon sanyi, shi da Lucia suna ban ruwa da ƙwarya. Wurin bai da girma, amma abin da yake fitowa abin kallo ne. Ƙwayar rawaya ce, cikakkiya, mai tauri. In ka zuba a faranti sai ka ji tana ƙara. Mudu ɗaya nata ya fi na jirgi nauyi a hannu, kuma mai jego da ta sha, har guminta ƙamshin hulba yake yi.

Mata suka riƙa aiko saye daga Zonkwa da Samaru Kataf. Wasu sukan tsaya su tambayi takin da ake sa mata, da yake sun san ana kiwon alade a ƙasar da ake noma ta. Mijinyawa amsarsa ɗaya ce kullum: "Ku sha hankalinku kwance. Takin awaki ne da toka. Mutumin da yake noma ta ɗan gidanmu ne, ni na tsaya masa."

Tsada ake sayenta, ba a ko tayawa. Da wannan ɗan gefen fadama Kambai ya rufa ɗakinsa da kwano, ya sayi keke, ya sa Hellen a makaranta. Aka fara cewa "hulbar Kambai", shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ya ce ta Inna Asibi ce ba. Kun ga inda kan ya fara kumbura ke nan.

A shekarar da jihar ta koma sunan Kaduna, takin zamani ya shigo ƙauyuka da araha. A shekarar ne kuma wani ɗan kasuwa daga Mararaban Rido ya zo, ya ɗanɗana hulbar, ya ce duk abin da aka noma zai kwashe ya kai birni.

Mijinyawa ya ce, "Baban Hellen, mu bi a hankali. Mu ƙara kaɗan bana, mu ga yadda za ta yi."

Kambai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ka cika tsoro. Bizines ya zo har ƙofa, kana cewa kaɗan-kaɗan? Fadama duka zan shuka."

Fadama duka tana son iri mai yawa. Ya juye duk wanda yake wurinsa, bai kai ba. Sai ya wanke ƙafa ya tafi wurin Inna Asibi, ya durƙusa, ya roƙi na cikin goran, wanda take ajiyewa saboda ɓacin rana.

Tsohuwar ta daɗe tana riƙe da goran a cinyarta. Ta ce, "Ban taɓa barin sa wayam ba tun da na dawo."

"Mama, kafin zafi ya shiga zan cika maka shi, har da tulu a kai."

Ta miƙa masa. Ba don ta gamsu ba, sai don ba ta iya ce masa a'a.

Saura taki. Tarin kashin awakin da ya ruɓe bai wuce na ɗan gefen nan na kullum ba. Fulanin da sukan sauka da shanu kusa da rafi kuma bana sun yi gaba da wuri. Sanyi ya kama, lokacin shuka yana wucewa.

Kambai yana da ƙane, Silvanus, mai kiwon alade a can ƙarshen gari. Garkensa ya cika da kashi har ya rasa inda zai kai. Shi bai san da wani alkawari ba. Da yayansa ya ce yana so, har godiya ya yi masa.

Lucia ta gan shi yana sauke kwandon farko a fadama. Ta ajiye ƙwaryar ban ruwa.

"Baban Hellen, wannan daga ina?"

"Taki ne."

"Na san taki ne, ina da hanci. Mama ya ce kar a sa wannan."

"Mama yana Kafanchan. Ƙasa ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci. Duk abin da ka ba shi, ci zai yi."

"Ba ƙasa ka yi wa alkawari ba."

Kambai ya ɗaure fuska ya ce, "In na rufe da ƙasa na ba shi ruwa, wa zai sani? Ko kai ne za ka je ka faɗa?"

Lucia ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ban ruwa. Ta san in ta buɗe baki a waje, gidanta ne zai tashi. Ta yi shiru, kuma shirun nan ya daɗe yana cin ta.

Haka ya shimfiɗa ɗanyen kashi mai zafi a fadama, ya rufe da ƙasa. Da tsiro ya fito, ya bi shi da farin takin zamani, yana watsawa da hannu biyu. A ganinsa, in kaɗan ya yi amfani, mai yawa sai ya fi.

Jama'a, hulba ta tashi. Ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasar nan. Da can iyakarta gwiwa, bana har ta nemi ƙugu. Ganye kore shar, har yana baƙi-baƙi. Masu wucewa zuwa rafi sai sun tsaya. Ranar Lahadi bayan sujada Kambai yakan tsaya a ƙofar coci yana koya wa mutane noma, har da waɗanda suka haife shi.

Mijinyawa ya zo dubawa a kan keke. Ya zagaya, ya yi murna, sannan ya sunkuya ya buɗa ganye.

"Ikon Allah. Amma ina furen? Warhaka bara ta fara ɗaura 'ya'ya."

Kambai ya ce, "Na ɗan sa mashi takin Bature ne. Yana zuwa, kar ka damu."

Furen ya zo, amma a makare. Hulba tana ta zuba ganye, sanyin da take buƙata yana ƙarewa. Karan ya yi tsawo ba ƙwari, iska kaɗan ta kwantar da shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙarƙashi ya fara ruɓewa, wani farin fumfuna ya bi ganye. Ciyawar da ba a taɓa gani a fadamar ba, wadda ta zo a cikin ɗanyen kashi, ta taso ta shaƙe sauran. Kafin ƙwanson ya cika, zafin bazara ya sauka a kansa.

Da aka sussuka, Kambai ya tsaya yana kallon tabarma. Tarin yana da yawa, amma ƙwayar ta motse, ta yi duhu, wata ma fanko ce. In ka zuba a faranti ba ta ƙara. In ka shaƙa, warin rima kake ji. Mutumin Mararaban Rido ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya hura, rabi ya tashi. Ya kaɗe hannunsa ya hau mota.

Mijinyawa ya zo ya tarar da abokinsa zaune a gindin mangwaro ya haɗa kai da gwiwa. Lucia tana gefe tana daka. Ya zauna kusa da shi, ya yi masa jaje, sannan ya ce:

"Ina so in san abin da zan gaya wa Inna da masu saye. Ban da takin Bature, akwai wani abin da ya shiga wurin nan?"

Taɓaryar Lucia ta tsaya.

Nan ne fa Allah ya ba Kambai ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce ta rage masa. Amma mutumin da ya saba tsayawa a ƙofar coci yana koyar da noma, ina zai iya?

Ya ce, "Babu, Malam. Kashin awaki ne kamar kullum. Zafi ne ya cuce mu."

Mijinyawa ya ce, "Shi ke nan. Abin da Allah ya kawo ba a faɗa da shi."

Kuma don kada gidan abokinsa ya shiga wahala, ya kwashe hulbar duka a farashin da suka saba. Ya kai gida, aka zauna aka tsince mai ɗan dama-dama. Ya riƙa gaya wa mata, "Bana zafi ya taɓa ta, ba ta kai ta da ba. Amma tsabtarta tana nan, ta gonar mutuminmu ce." Suka saya saboda shi. Inna Asibi ma da ita aka riƙa dama mata kunu.

Tsohuwar tana da wata al'ada. Duk girbi takan ɗebi 'yan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a gindin randa, ta ga ko irin yana da rai. Bana da ta buɗe, ƙwayoyin sun yi yauƙi sun ruɓe. Ta sake, ta zaɓi mafiya kyau da hannunta. Biyu suka fasa, suka fito da ɗan farin tsiro, suka baƙanta suka mutu. Ta yi ta sakewa har Mijinyawa ya roƙe ta ta bari.

Ta ce, "Irin babanka ya ƙare."

Ta sa aka ajiye mata goran kusa da shimfiɗarta, ba komai a ciki.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, Silvanus ya biyo ta rumfar Mijinyawa sayen barkono. Ba kowa a wurin sai su biyu. Silvanus mutum ne mai barkwanci, cikinsa ɗaya. Yana karɓar ƙullinsa ya ce:

"Malam, bana ai ni ma ya kamata a ba ni tukwici. Aladu na ne suka ciyar da hulba naku. Yaya ya kwashe garke na tas, har yanzu bai ce mini sannu ba."

Mijinyawa ya ɗago. "Aladunka?"

"E mana. Kwando-kwando ya ɗiba." Da ya ga fuskar Malam ta canza, sai ya daina dariya. "Ko na faɗi abin da bai kamata ba?"

"A'a. Ka gai da gida."

Ku lura da kyau, ba wanda ya ji. Mijinyawa yana iya haɗiye maganar nan ya ci gaba da cinikinsa, ba mai sani sai Allah. Ya rufe rumfa da rana tsaka, ya je wurin malamin unguwarsu ya tambaya. Malamin ya ce masa abin da ya tsiro daga ƙasa ƙasa ta riga ta juya shi, ba a ce ya haramta ba, kuma wanda ya sha bai sani ba ba shi da laifi.

Mijinyawa ya ce, "Na gode, Allah ya ƙara sani. Amma ni ce musu na yi babu, ga shi kuma akwai."

Ya bi gidajen da ya san sun saya, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi sallama, maigida ya fito, ya faɗa masa gaskiya, ya faɗa masa abin da malam ya ce, ya ba da haƙuri. Wasu suka ce ba komai. Wasu suka juya suka shige gida. Wata mai jego ta yi ta kakarin amai har aka kira unguwarzoma. Ragowar hulbar ya kai bayan gari ya haƙa rami ya binne.

Ba wanda ya zage shi a kasuwa. Mata dai suka riƙa wuce rumfarsa suna gaba, har masu sayen citta da kanumfari. Mutumin da ya shekara da shekaru yana cewa "ni na tsaya masa" ya koma yana korar ƙuda.

Ya so ya ɓoye wa mahaifiyarsa, amma magana ta riga ta shiga gidaje. Wata mai zuwa dubiya ta fesa mata. Inna Asibi ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ƙoshi ne ya kashe ta, na gaya masa ba ta so. Wannan kuskure ne, kowa yana yi. Amma yaron nan ya dubi idona ya ce mini Mama."

Daga ranar ba ta sake ambaton sunansa ba.

Labari ya koma ƙauye ta bakin Silvanus, wanda ya zo yana ta ba da haƙuri bai ma san laifinsa ba. Kambai ya ɗauki keke ya tafi Kafanchan. Ya sami Mijinyawa a rumfa, ya durƙusa a cikin mutane.

"Malam, ka yafe mini. Shaiɗan ne."

Mijinyawa ya ce, "Tashi, kada a taru. Baban Hellen, ranar da na zauna kusa da kai a gindin mangwaro, da ka ce mini e, da na binne hulbar tun a ranar, mu raba asarar ni da kai. Iri dai ya riga ya tafi, amma da ba ka sa na yi wa matan mutane ƙarya da bakina ba. Na yafe maka, don ni ma ina son Allah ya yafe mini."

"Zan iya ganin Mama?"

"Ba ta jin daɗi. Ka bari."

Bai gan ta ba. Da damina ta yi tsakiya Inna Asibi ta rasu, goran yana gefen shimfiɗarta. Kambai da Lucia suka je gaisuwa. An karɓe su, an ba su tabarma, an amsa musu kamar yadda ake amsa wa kowane baƙo. Lucia ta yi kuka har aka riƙe ta. A hanyar komawa ta ce, "Ni ma ina ciki. Na gani, na yi shiru." 

Fadamar ta koma ciyawa. Ya sayo hulbar jirgi ya gwada, ta fito jefi-jefi, wadda ta yi ma ba mai saye, don sunan ya riga ya ɓaci. Keken ma sai da aka sayar. Ranar Lahadi ana tashi daga sujada yake sulalewa gida.

Da kaka, Lucia tana share rumbunta za ta zuba sabuwar acca, sai hannunta ya taɓo wani ɗan ƙulli a cikin tsohuwar tukunya. Ta kwance. Hulba ce rawaya, cikakkiya, ba ta fi cikin tafin hannu ba. Inna Asibi ce ta ƙulla mata daga girbin da aka yi kafin shekarar ɓarnar, ta ce ta ajiye ko wata maƙwabciya za ta haihu. Ta ajiye ta manta.

Ta zauna a ƙasa da ƙullin a hannu ta yi kuka mai yawa. Duk watannin da tsohuwar take buɗe tsumma tana ganin ruɓa, irin yana nan a rumbunta.

Da sanyi ya shigo ta gyara ɗan wuri a bayan madafa, bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ta ɗebo kashin awakin da damina ta wuce a kansa, ta haɗa da tokar murhu, ta barbaɗa kaɗan. Kambai ya zo da fartanya zai taya ta.

Ta ce, "Baban Hellen, ka ɗebo ruwa in kana so. Amma kar ka sa hannu a nan."

Ya ɗebo ruwan. Kullum shi yake zuwa rafi, ya ajiye tulu a gefe, ya koma baya ya tsaya.

Hulbar ba ta yi tsawo ba, ganyenta ma ba wani abin kallo. Ba mai wucewar da ya tsaya. Amma ta yi fure a kan lokaci, ƙwanson ya cika ya bushe kafin zafi. Da Lucia ta sussuka, ta sami 'yar ƙaramar ƙwarya. Ta zuba a faranti, ta yi ƙara.

Suka tafi Kafanchan tare, ita a gaba da ƙwaryar, shi a baya. Mijinyawa ya rame, rumfar ta yi rabi. Lucia ta gaishe shi, ta durƙusa, ta buɗe ƙwaryar a gabansa, ta faɗa masa inda ta samo irin.

Ya ɗebi kaɗan ya kai hanci. Ya daɗe a haka idonsa a rufe. Da ya buɗe, hawaye ne yake bin gemunsa.

Ya ce, "Ƙamshin ɗakin Inna ke nan." Ya share fuska da hannun riga. "Da ta ga wannan."

Sannan ya dube ta ya ce, "Maman Hellen, da wane taki?"

"Na awaki, Malam, wanda ya ruɓe, da toka. Ba komai bayan wannan."

Kambai ya matso da sauri ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ni shaida ne, a gabana aka yi. Na rantse da..."

Mijinyawa ya ɗaga hannu a hankali, bai ko juyo ba.

"Bari, Baban Hellen. Maganarta ta isa."

Ya aika gida aka kawo goran Inna Asibi. Ya zuba rabin irin a ciki ya toshe, ya mayar wa Lucia da rabi ya ce ta ci gaba da shukawa. A hankali wasu matan suka dawo rumfar, ba duka ba. Abin da suke tambaya shi ne hulbar Lucia.

Kambai ya rayu ya tsufa yana ɗebo wa lambun nan ruwa. Mijinyawa bai taɓa fasa gaishe shi ba, da Kirsimeti ma bai daina aiko da kayan miya ba. Amma har suka rabu a duniya, bai sake tambayarsa komai ba.

Darasi: Shuka tana nuna abin da aka ba ta a ɓoye, ko an rufe da ƙasa. Yawan taki ba shi ne riba ba, a ba kowace shuka abin da ya dace da ita, daidai yadda take so. Kuma in wani ya tsaya maka a gaban mutane, mutuncinsa ne ya ba ka ajiya. In ka yi kuskure, faɗi tun ana tambayarka, don ana iya yafe maka amma a daina yarda da kai. Ku tura wa manoma da 'yan kasuwar da kuka sani, wataƙila akwai wanda ake jiran gaskiyarsa yau.